FAHIMTAR KARIN MAGANA DA AUNA SHI DA SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya sanar da shi yadda zai furta abin da ke cikin zuciyarsa, Ya sanya bambancin harsuna ya zama aya daga cikin ayoyinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka ba shi baiwar gajeriyar magana mai tarin ma'ana, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo a kan karin magana ne, da sauran maganganun da suka zauna a bakinmu har mu ke furta su ba tare da mun tsaya mun duba abin da ke cikinsu ba. Wani zai ce, to Malam, ina ruwan wa'azi da karin magana, wannan ai aikin malaman Hausa ne a makarantar boko? Ku saurara ku ji dalili.

DALILIN WANNAN DARASI

Wata rana mun tashi daga karatun tsakanin Magariba da Lisha, sai wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, yana riƙe da hannun wani saurayi ɗan ƙanensa, wanda ya ke cikin masu zuwa karatu. Ya ce, "Malam, ka raba ni da ɗan nan. Ni na yanka masa ragon suna, ni na kai shi makarantar allo, yau shi ne ya ce in sake kalmar shahada." Na ce, "Subhanallahi! Baba, me ya yi zafi haka?" Ashe wai suna zaune ne a zaure aka kawo labarin wani maƙwabci da ya kwashe kuɗin amfanin gonarsa ya kai wa boka, sai dattijon ya girgiza kai ya ce, "Tsafi gaskiyar mai shi." Saurayi da jin haka ya ce, "Baffa, ka kira tsafi gaskiya, ka fita daga Musulunci." Tun daga ranar, mako uku cur, ko gaisuwa babu a tsakaninsu, alhali kuwa gida ɗaya su ke.

Na tambayi dattijon abin da ya ke nufi. Ya ce, "Nufina, ba mai ganin gaskiyar tsafi sai wanda ya ba da kansa gare shi, mu kuwa mun san ƙarya ce." Kun ji fa. Mutum yana kushe tsafi, an ce yabonsa ya yi.

A cikin wannan mako kuma na ji wani ma'aikaci da aka yi wa nasiha game da na goro da ya ke karɓa kafin ya sa hannu a takardar talaka. Ya yi dariya ya ce, "Kowa ya samu rana sai ya yi shanya." Waɗanda ke wurin suka yi shiru, sai ka ce aya ya janyo.

To kun ga cuta biyu ke nan. Ɗaya ya yanke hukunci a kan maganar da bai fahimta ba, har ya kafirta baffansa. Ɗaya kuwa ya mai da karin magana hujja, ya halatta wa kansa haram da shi. Maganin cutar biyu ɗaya ne, watau a fahimci magana tukuna, sa'an nan a ɗora ta a kan ma'aunin Alƙur'ani da Sunna.

MENE NE KARIN MAGANA?

A Hausa, kari shi ne inda aka ninke abu aka danne, kamar karin guga a jikin riga, ko karin hula. Karin magana ke nan magana ce da aka ninke. Gajeriya ce a baki, amma in aka warware ta sai a ga ta yi tsawo. Tana da baya, tana da ciki. Bayanta shi ne kalmomin da kunne ya ji, cikinta kuwa shi ne abin da mai magana ya ke nufi.

Akwai wanda ya ke tsaye da kansa, kamar "Ramin ƙarya ƙurarre ne." Akwai wanda ya ke tafe da ɗan labari a bayansa, kamar "Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri." Akwai kuma salon magana na kalma biyu ko uku, kamar cin amana, da farin jini, da zafin nama, da mutuwar zuciya. Wanda ya ce an ci amanarsa ai ba ya nufin an sa ta a baki an tauna.

Tattara irin waɗannan maganganu tsohon aiki ne a wurin malaman Musulunci. Abu Ubaidu Alƙasim ɗan Sallam, wanda ya rasu a shekara ta 224 bayan Hijira, malamin hadisi ne da fiƙihu, amma ya wallafa littafi a kan karin maganar Larabawa. Almaidani, wanda ya rasu a 518, ya tara dubbai a cikin Majma'ul Amsali. Ba su ɗauki wannan ɓata lokaci ba, domin sun san ba a fahimtar Alƙur'ani sai an san yadda Larabawa ke sarrafa harshensu. A ƙasar Hausa kuwa, Turawa sun riga mu buga namu da boko: Merrick a 1905, Whitting a 1940, da Kirk-Greene a 1966, wanda ya tara guda 500. Marigayi Alhaji Abubakar Imam kuma ya raɗa wa labarai da yawa na Magana Jari Ce sunaye da karin magana. Amma mafi yawansa har yau a bakin iyayenmu ya ke, a zaure da tsakar gida da kasuwa.

BUGA MISALI A ALƘUR'ANI DA SUNNA

Kada wani ya zaci Musulunci yana ƙyamar magana ta misali. Allah Ta'ala da kanSa Ya buga misalai masu yawa a cikin LittafinSa. Ya ambaci sauro a Suratul Baƙara aya ta 26. Ya buga misali da ƙuda a Suratul Hajji aya ta 73, don nuna gazawar abubuwan da a ke kira baicinSa. Ya kwatanta masu riƙon majiɓinta baicinSa da gizo-gizo da gidansa a Suratul Ankabuti aya ta 41, kuma a aya ta 43 Ya bayyana cewa masu ilmi ne ke hankaltar waɗannan misalai. A Suratul Jumu'a aya ta 5 Ya kwatanta waɗanda aka ɗora wa littafi suka ƙi aiki da shi da jaki mai ɗauke da littattafai.

Ɗaukar magana a bayanta kuwa, har sahabbai ta taɓa samu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sa'ad da ayar nan ta azumi ta sauka, mai maganar farin zare da baƙin zare a Suratul Baƙara aya ta 187, Adiyyu ɗan Hatim (Allah Ya yarda da shi) ya nemo igiya fara da baƙa ya sa a ƙarƙashin matashinsa, yana dubawa cikin dare. Da ya gaya wa Manzon Allah (S.A.W.), sai ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare a ke nufi.

Haka kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya wa matansa cewa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa bayan rasuwarsa. Sai suka shiga gwada hannuwansu. Sai da Zainabu 'yar Jahshi (Allah Ya yarda da ita) ta riga su rasuwa, sa'an nan suka gane yawan sadaka ya ke nufi, domin ita mai sana'ar hannu ce, tana samu tana bayarwa. To ku duba wani abu a nan. Tsawon hannu a wannan hadisi kyauta ce. Amma in Bahaushe ya ce wane yana da dogon hannu, ɓarawo ya ke nufi. Kalma ɗaya, harshe biyu, ma'ana ta yi hannun riga. Saboda haka mai fassara wa jama'a hadisi, in bai san salon harshen biyu ba, zai yi ɓarna yana zaton gyara ya ke yi.

ƘA'IDOJI HUƊU NA FAHIMTA

Ta farko: ka san mafarin maganar, watau abin da aka gani a rayuwa har aka faɗe ta. Yaran da suka tashi a gidan siminti da kwano suna jin ana cewa "Magana zarar bunu ce," amma ba su san bunu ba. Bunu shi ne tsohuwar ciyawar jinka. In ka zaro tsinke ɗaya daga cikinta, ba ka iya mai da shi inda ya fito. Haka magana, in ta fita ta fita. "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai": kanwa tana da ƙura fara, wanda ya raɓi mai dakonta zai kwashi rabonsa ko bai taɓa buhun ba. In ka san mafari, rabin ma'ana ta zo hannu.

Ta biyu: ka san mahallin da a ke faɗarta. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Na taɓa jin wani yana sukar wannan, wai son kai ya ke koyarwa, ya kamata a kashe wutar ɗan'uwa tukuna. Wannan bai san mahallinta ba. Ana faɗarta ne don mutum ya wa'aztu da abin da ya samu waninsa, daidai da "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Haka "Sata a gidan ɓarawo rance ce." Waɗansu sun ɗauka izini ne a ɗebi kayan azzalumi. Alhali kashedi ne: abin da ka ɗauka a gidan ɓarawo, ka sani zai zo ya karɓa, har da riba.

Ta uku: ka tambayi mai magana nufinsa kafin ka hukunta shi, musamman in maganar tana ɗaukar fuska biyu. Muslim ya ruwaito misalin mutumin da raƙumarsa ta ɓace masa a daji da guzurinsa a kanta, har ya fid da rai, sai ga ta tsaye a gabansa. Don tsananin murna ya juya magana, ya kira Allah bawa, ya kira kansa ubangiji. Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana cewa kuskure ya yi saboda tsananin farin ciki. In har wannan ya samu uzuri, ina ga dattijon da ya faɗi karin maganar da ya gada, da nufi mai kyau?

Ta huɗu: karin magana ba hujja ba ne a addini. Gogayyar mutane ce da rayuwa, tana dacewa, tana kuskurewa. Shaidar haka ita ce sau da yawa wani yana karo da wani. An ce "Sannu ba ta hana zuwa," an kuma ce "Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe." An ce "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," an kuma ce "Tafiya mabuɗin ilmi." An ce "Zafin nema ba ya kawo samu," an kuma ce "Sai an sha wuya a kan sha daɗi." Kowanne da ranarsa. Saboda haka karin magana ya kan ƙawata gaskiyar da ta riga ta tabbata da dalili, amma ba ya halatta haram, ba ya kuma haramta halal.

In muka riƙe waɗannan ƙa'idoji, za mu ga maganganun namu sun kasu kashi uku.

KASHI NA FARKO: WAƊANDA SUKA DACE DA SHARI'A

Waɗannan su ne mafi yawa, alhamdu lillahi, domin Musulunci ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar nan, ya shiga cikin harshen har ɓargo.

"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere." Ma'anarsa tana nan a Suratu Faɗir aya ta 43, inda aka bayyana cewa mugun makirci mai shi ya ke komawa. Maganar maɗaukin kanwa ta yi daidai da hadisin Buhari da Muslim wanda ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da almiski, mugun aboki kuma da mai zugar maƙera. "Baki shi ke yanka wuya" ya yi daidai da wasiyyar da aka yi wa Mu'azu ɗan Jabal a cikin Tirmizi, cewa abin da harsuna suka girba shi ke kifa mutane a wuta. "Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi" tauhidi ne tsantsa, irin wanda aka koya wa Abdullahi ɗan Abbas yana yaro, cewa ko da jama'a duka sun taru don su cuce shi, ba su iyawa sai da abin da Allah Ya rubuta. Haka "Allah gatan kowa," da "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Irin waɗannan mu riƙe su, mu koya wa 'ya'yanmu. Mai wa'azi ma ya yi amfani da su, domin tsohuwa a ƙauye ta fi saurin gane zakara da muzuru a kan dogon bayani na littafin tauhidi.

KASHI NA BIYU: MASU KYAU DA A KE SA WA A MUGUN WURI

Nan ne haɗari ya fi yawa, domin maganar daidai ce, wurin da aka ajiye ta ne ba daidai ba.

"Bin na gaba bin Allah." Gaskiya ne an umurce mu da biyayya ga iyaye da shugabanni. Amma biyayyar tana da iyaka. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani shugaban rundunar da ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya ce wa mutanensa su shiga. Suka ƙi. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.), sai ya bayyana cewa da sun shiga da ba su fita ba, domin biyayya a cikin abin kirki kaɗai ta ke. Iyaye ma, da girman haƙƙinsu, Suratu Luƙman aya ta 15 ta hana a bi su a kan shirka, tare da umurnin a zauna da su da kyautatawa. To in maigidanka ya ce ka tauye mudu, ko ka ƙara sifili a rasit, kada ka fake da bin na gaba.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." A sha'anin zaman duniya, wallahi haka ne, kuma matasa su ji wannan da kyau. Wanda ya shekara sittin yana ganin aure da mutuwarsa, da ciniki da faɗuwarsa, ya san abin da ba a karantawa a jami'a. Amma in yaro ya kawo aya ko ingantaccen hadisi, ba a rufe masa baki da rimi, domin ba hangensa ya kawo ba.

"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." In ka faɗa wa wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya rasa, don ka kwantar masa da hankali, madalla. In kuwa malalaci ne ya faɗa yana kwance a gindin bishiya damina na wucewa, to a tuna masa da mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sa'an nan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

"A bar kaza cikin gashinta." Rufa asirin Musulmi abin so ne. Amma in an kira ka shaida a kan gadon marayu, ko an tambaye ka halin mai neman auren 'yar mutane kuma ka san mashayi ne, to nan ba wurin barin kaza cikin gashinta ba ne. Ɓoye shaida zunubi ne, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 283.

Shi kuma mai shanyar nan da muka faro da shi, sai mu ce masa, gaskiya ne ana shanya da rana, amma kayanka za ka shanya. Kujerar da ka ke kai amana ce, kuma ranar da ka samu tana da faɗuwa.

Akwai kuma "Sabon salo, kiran salla da usur," wanda a kan jefi duk mai kiran a koma ga Sunna da shi. Mu ba mu ƙi wannan karin magana ba, domin in aka duba cikinsa, ƙyamar ƙirƙira a cikin ibada ya ke koyarwa. Abin da ya rage shi ne a zauna da littafi a gano wane ne sabon, wane ne tsohon.

KASHI NA UKU: WAƊANDA YA KAMATA A BARI

Na farko, maganganun camfi. Babban misali shi ne farar ƙafa. A ce mace tana da farar ƙafa, wai duk wanda ya aure ta sai ya tsiyace ko ya mutu. Ku dubi abin da kalma biyun nan ke yi. Baiwar Allah mijinta ya rasu, ko kasuwarsa ta karye bayan aure, sai dangin miji su sa mata wannan suna. Ta ƙare takaba, shekara biyar, shekara goma, ba mai sallama a ƙofar gidansu. An haɗa mata zafin rashi da zafin ƙazafi. Alhali ajali da arziki a hannun Allah su ke, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya kore camfi a hadisai ingantattu. Mai karatu zai ce, ai akwai hadisin da ya ambaci shu'umci a mace da gida da doki. Na'am, akwai shi a Buhari da Muslim. Amma a wata ruwayar da sharaɗi ya zo, watau in da akwai shi a wani abu. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa Nana A'isha (Allah Ya yarda da ita) ta ce labarin abin da mutanen Jahiliyya ke faɗa ne aka bayar. Waɗansu malamai kuma sun fassara shi da mugun hali da wuyar zama. Babu inda aka ce a dubi ƙafar mace a san ajalin mijinta.

Na biyu, irin su "Mata dangin Shaiɗan." Mai faɗar wannan ya tuna mace ce ta haife shi. Nana Hadiza ce farkon wadda ta yi imani da Manzon Allah (S.A.W.). A ƙasarmu kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da mata birni da ƙauye ta hanyar jajis da 'yan taru. Dangin wa ke nan?

Na uku, rantsuwa da wanin Allah, kamar aradu, da kwarankwatsa, da kabarin uba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa rantsuwa da wanin Allah shirka ce. Mun sani da yawa saɓon baki ne kawai, ba su ƙudurce komai ba, don haka ba mu kafirta su. Amma baki a kan hore shi kamar yadda a kan hori doki.

Na huɗu, haɗa Allah da bawa a jere ɗaya, kamar a ce "da Allah da kai na dogara." Wani mutum ya taɓa haɗa nufin Allah da nufin Manzo a magana ɗaya, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi nan take. An koyar da mu a sa "sa'an nan" a tsakani. Hausa ma tana da nata gyaran tun tuni, inda a ke cewa "daga Allah sai kai," muddin a kan abin da mutum ke iyawa ne.

JINGINA WA ALLAH DA MANZONSA ABIN DA BA SU FAƊA BA

Wannan ya cancanci a keɓe shi. Kullum muna jin ana cewa, "Allah Ya ce tashi in taimake ka." 'Yan'uwa, a wace sura? Ku duba izu sittin, ba za ku same shi ba. Ma'anar tana da kyau, domin riƙon sababi wajibi ne. Amma "Allah Ya ce" ba ƙaramar kalma ba ce. Ka ce "Hausawa sun ce," ka huta. Haka maganar neman ilmi ko da a birnin Sin ne, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin hadisan ƙarya. Maganar da a ke cewa son ƙasa yana cikin imani ita ma malaman hadisi sun ce ba ta da asali. Yanzu kuma abin ya ƙaru da zuwan wayar hannu: a ɗauko zancen hikima na wani, a rubuta "Manzon Allah ya ce" a kansa, a tura wa mutum ɗari. Alhali hadisin da ya yi wa mai yi wa Annabi ƙarya da gangan alkawarin mazauni a wuta yana cikin mafi ingancin hadisai, sahabbai masu yawa suka ruwaito shi. In ba ka tabbata ba, kada ka tura.

HABAICI

Saura abu ɗaya. Karin magana yana iya zama mai kyau, a wurin da ya dace, amma a mai da shi kibiya. Wannan shi ne habaici, kuma ya yi yawa tsakanin kishiyoyi, da matan sauri, da maƙwabtan rumfa a kasuwa. A jefa magana sama, in an tanka a ce ai ban kama suna ba. To "Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda ya ke," Allah kuma Ya fi shi sani. Suratul Hujurati aya ta 11 ta hana izgili da aibata juna da jifa da miyagun laƙabobi, kuma ga Suratul Humaza sukutum. Haka nan karin maganarmu cike ya ke da ambaton makaho da kuturu da gurgu. Mai hankali ba ya faɗar irin wannan a gaban wanda Allah Ya jarraba, ko da ba da shi ya ke ba.

KAMMALAWA

Nasihata ga 'yan'uwana matasa masu kishin Sunna ita ce, ku koyi harshen iyayenku kamar yadda ku ke koyon Larabci. Wanda bai san maganar mutanensa ba, ba zai iya kiransu zuwa ga gaskiya ba, kuma Suratu Ibrahim aya ta 4 ta bayyana cewa ba a aiko wani manzo ba sai da harshen mutanensa. In kun ji magana ta daure muku kai, ku ce, "Baba, me a ke nufi da wannan?" Tambaya ba ta zubar da ilmi. Kafirta Musulmi kuwa abu ne mai nauyi, in bai tabbata a kan wanda aka jefa ba, mai jifan ya ke komawa.

Nasihata ga iyayenmu dattawa kuma, da girmamawa, ita ce in an kawo muku aya ko hadisi, kada ku mai da martani da karin magana. Abin da muka gada mai kyau mu riƙe, wanda ya saɓa mu ajiye, ba raini ga magabata a cikin wannan.

Shi dai saurayin nan, a nan ƙofar masallaci ya ba baffansa haƙuri, suka yi musafaha. Na kuma ce wa dattijon, "Baba, nufinka mai kyau ne. Amma akwai masu faɗar wannan magana da nufin wai tsafi yana yi wa wanda ya riƙe shi da gaske, a ƙyale kowa da nasa. Wannan kam ɓata ce. In za ka faɗa a gaban yara, ka warware musu." Ya ce, "Wannan kuma na karɓa, Malam."

Allah Ya shiryi harsunanmu, Ya tsare mu daga faɗar abin da ba mu da ilmi a kansa, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.